Azbin da Ƙafa: Tafiyar da Babu Mai Kama Ƙafarta

In da za a ce in zaɓi tafiya guda tak, bayan ta Makka da Madina, wadda zan so kowane Bakano mai jini a jika ya yi tun gwiwarsa ba ta fara kuka ba, wallahi ba sai na yi dogon nazari ba. Duwatsun Azbin ne, can arewa da Agadas, kuma da ƙafa, inda rana ta faɗi nan za a yada zango a kwana a fili. Na san akwai wanda zai ce na cika zuzutawa. Ya faɗa. Ni masoyin wurin nan ne, da bakin masoyi kuma zan yi magana, don abin da na gani a dutsen Bagazam da kwarin Timiya ba irin wanda ake ba da labarinsa da sanyin murya ba ne.

Mu 'yan cikin birni da dutse biyu muka buɗe ido, Dala da Goron Dutse. Ina ƙaunar Dala ƙauna ta gaske. A gindinsa maƙera suka narka tama tun ƙarni na 7, a kansa Barbushe ya yi zamaninsa, daga samansa kuma Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya zana hoton birnin a 1851. To amma ta ina Barth ya iso Kano? Ta Azbin. Ya shiga Agadas a watan Oktoba na 1850, daga baya ya biyo ayarin gishirin Azbinawan Kel Ewe ya gangaro kudu, ya shigo Kano a farkon Fabrairu. Ba shi ya buɗe hanyar ba, tsohuwar hanya ce wadda kakanninmu da nasu suka daɗe da goge ta da tafin ƙafa. Tarihin Kano ya nuna a zamanin Sarki Yakubu, 1452 zuwa 1463, Azbinawa suka zo Gobir, gishiri ya wadata a ƙasar Hausa. Unguwar Agadasawa tana nan daram cikin ganuwa. Fagen nan da muke gani yau cike da shaguna, a da masaukin raƙuman Azbinawa ne. Kantun gishirin Bilma ya sauka a Kurmi, turkuɗin Kura da baƙin rinin Kano suka hau arewa suka zama rawanin da ake gane Ba'azbine da shi tun daga nesa. Dokin nan Bagazam da masu sarauta suke ji da shi, daga can asalinsa yake. Shekara 500 da ɗoriya suna zuwa mana, sun san ƙofofinmu ɗaya bayan ɗaya, mu kuwa da yawanmu ko launin dutsensu ba mu sani ba. Abin nan yana ci mini rai ƙwarai.

Har a ƙarƙashin ƙasa akwai zumunci. Masana duwatsu sun nuna cewa wani jerin duwatsu masu zagaye, waɗanda tsohon aman wuta ya haifar, ya taso daga Azbin, ya ratsa Damagaram, ya shigo Riruwai ta ƙaramar hukumar Doguwa a jiharmu, ya kai har Jos. Na Azbin su ne yayye, sun haura shekara miliyan 400, na Jos ƙanne ne, ba su kai miliyan 200 ba. Shi ya sa kuzar da aka haƙa a Jos da Riruwai, irinta aka haƙa a Elmeki, kan hanyar Timiya.

Hanyar mota ba sai na daɗe a kanta ba. Daga Kano sai Daura, a tsallaka iyaka a Kwangwalam, a bi ta Matamai zuwa Damagaram, kimanin kilomita 240. Daga nan a miƙe arewa ta Tanut da Adarbisanat, kimanin kilomita 450, gonakin gero suna raguwa, itatuwa suna gajarcewa, har ƙasa ta koma tsakuwa da rairayi. Doguwar tafiya ce mai gajiyarwa. Amma da hasumiyar masallacin Agadas ta bayyana, jar ƙasa mai tsawon mita 27 da itace a soke a jikinta, gajiyar nan take take gudu. An gina masallacin a 1515, aka sake gina hasumiyar a 1844, kuma UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya a 2013. Wani abin daɗi ga Bakano shi ne ba ya bukatar tafinta. Hausa ce harshen kasuwa a Agadas, da ita za ka sayi dabino da cuku, da ita za ka yi cinikin jagora, da ita za a nuna maka gidan da Barth ya sauka.

Ainihin abin yana farawa ne inda mota ta ce ta gaji. Muka bi ta Tabelot, garin albasa, inda lambuna suka yi layi a gefen ƙorama, har muka iso gindin Bagazam. Ka ɗaga kai ka ga katangar dutse ta tokare sama, baƙa a wani wuri, ja a wani wuri, ka rasa ta inda ɗan Adam zai bi. Nan aka ɗaura wa jakuna kaya: jarkokin ruwa, garin alkama, barguna, butar shayi. Jagoranmu dattijo ne ɗan Kel Ewe, siriri, rawaninsa ya rufe komai sai idanu, takalminsa fade ne kawai. Ya ce Bismillahi, muka kama mashigin Igalablaban.

Kai, jama'a! Hawan nan. 'Yar siririyar hanya ce da ƙafar mutum da kofaton jaki suka sassaƙa, tana murɗewa tsakanin manyan duwatsu mulmulallu da suka hau kan juna, babba a ƙasa, ƙarami a sama, tsaf kamar jeren kwalla a ɗakin amaryar cikin birni. Kana tafe numfashi yana sama-sama, cinya tana zafi, sai ka sha kwana ka yi kiciɓis da dabino a tsakiyar kwazazzabo, ruwa yana tsattsafowa daga tsagar dutse, garai-garai, sanyi ƙalau. A ƙasar da ruwan sama na shekara guda bai cika wuce milimita 150 ba! Na sha ruwa iri-iri a rayuwata, ban sha wanda ya kai wannan daɗi ba. Su kuwa jakunan Azbin sai dai a jinjina musu. Jaki ya ɗauki kaya niƙi-niƙi, ya tsaya ya dubi dutse, ya zaɓi inda zai sa kofato, ya haye ba tare da an ce masa uffan ba.

Abin da babu wanda ya shirya ni da shi, shi ne saman. Na ɗauka in an hau dutse tsini za a tarar. Ashe ƙasa ce guda a can, shimfiɗaɗɗiya, tsawonta ya kai kimanin kilomita 40, faɗinta 20, da ƙauyukanta da masallatanta da rijiyoyinta da garken awakinta. A Bagzan-n-Amas muka ga gidajen dutse da bukkokin tabarma, muka ga lambun tafarnuwa da dankalin Turawa da tumatir, yara suna bin mu suna gaisuwa. Mutane suna noma a wurin da gajimare yake kusa da kai! Daga nan ake neman ƙololuwar Idukal-n-Tagas, mita 2,022, wuri mafi tsayi a duk ƙasar Nijar. In ka tsaya a can, duwatsu ne jere bayan jere, shuɗi-shuɗi, har inda ido ya gaza, can gabas kuma wani farin haske yana gaya maka hamadar Tenere ta fara. Ban san lokacin da bakina ya kama tasbihi ba.

Amma in aka matsa mini in faɗi inda zuciyata ta fi zama, zan ce a zango ne. Tafiyar rana tana da daɗi, kwanan daji kuwa shi ne man miyar.

Zaɓen masauki kansa ilimi ne, kuma na ga gwaninta. Tun la'asar sakaliya dattijon zai fara waige-waige. Ba ya sauka a bakin rijiya, don wurin na mata ne masu ɗiban ruwa da dabbobin da za su sha, har da na dawa masu zuwa da dare. Ba ya sauka a gindin itacen da raƙuma suka saba kwanciya, saboda kaska. Yana neman inda dutse ya tare iska, inda rairayi yake da tsabta, inda busasshen itace yake kusa. Wani matashi a cikinmu ya hango farin rairayi mai laushi a tsakiyar ƙorama, ya nufa da tabarmarsa.

"Ɗana, dawo nan gefe," in ji dattijon.

"Baba, ai babu ko ɗigon hadari."

"Hadarin da zai cika ta ba a kanka zai taso ba. A can bayan dutse zai zuba, kai kana barci. Yanzu hunturu ne, babu komai, amma ƙafa abin da ta saba shi take yi. Kuma sanyin dare a cikin kwari yake kwana."

Shi ke nan maganar, ya koma kan kwance wa jakuna kaya. Haka suke koyarwa, a taƙaice, ba faɗa ba gori.

Sai wuta. Ba a sare ɗanyen itace, busassun rassan ƙaya ake tsinta, kuma kaɗan ake hurawa, daidai bukata. A kan rairayi mai tsabta ake hura ta, saboda rairayin shi ne tanda. Ga yadda ake yin tagella, gurasarsu ta matafiya: a kwaɓa garin alkama da ruwa da gishiri, a murza shi sosai, a faɗaɗa shi. In wuta ta ci ta zama garwashi, sai a ture shi gefe, a yi ɗan gurbi a cikin rairayin da ya ɗau zafi, a kwantar da ƙullin, a rufe da rairayi da toka da garwashi. Bayan ɗan lokaci a tone a juya ɗaya gefen. Mai yi yana ƙwanƙwasa ta da sanda, daga ƙarar yake gane ta nuna. A ciro ta, a kakkaɓe, a kankare da wuƙa, a ɗauraye da ɗan ruwa, a gutsuttsura cikin akushi, a zuba miyar tumatir da albasa da man shanu. Za ka rantse sai ka tauna tsakuwa. Ko ƙwaya ɗaya! Bayanta ƙamas, cikinta laushi, ga ƙamshin hayaƙi. Ni da na tashi da gurasar Jakara ba na yabon gurasar wani gari da wasa, amma wannan na sara mata. Da rana kuma akwai furarsu ta gero da dabino da cuku, a daka su tare a dama da ruwa. Ludayi kaɗan za ka sha ka yi yini kana tafiya, ita ce guzurin masu ratsa Tenere zuwa Bilma.

Bayan abinci sai shayi, kuma shayin zango ba a yi masa gaggawa. 'Yar buta a kan garwashi, ganye da sukari, a ɗaga hannu sama a tsiyaya cikin ƙaramin kofi, a mayar, a sake tsiyayawa, har kumfa ta tashi. Zagaye uku ne, na farko mai ɗaci da ƙarfi, na biyu tsaka-tsaki, na uku mai zaƙi, kuma ba a tashi sai an sha na ukun. A tsakanin kofi da kofi hira take fitowa. A nan dattijon ya dube ni ya ce, "Malam, har yanzu ana sayar da gishiri a Kurmi?" Ashe yana saurayi ya biyo mahaifinsa da raƙuma har ƙasar Kano. Ya lissafo mini zangunan hanya, ya tambaye ni Fage, ya tambaye ni marinar Ƙofar Mata. Na ce, "Baba, ka fi wasu 'yan birnin sanin birnin." Ya yi dariya har rawaninsa ya motsa.

A nan ne zan ɗan ratse, don akwai abin da ya tsaya mini a wuya. Da yawanmu a Kano mun san Ba'azbine ne a bakin ƙofar wani gida ko wata ma'ajiya, yana gadi, da 'yar butarsa a gefe. Farin 1973 da na 1984 ne suka kashe dabbobi suka koro dubbansu kudu. Mukan wuce shi da sallama a gajarce, ba mu san wane ne ba. Ka je ka gan shi a gidansa. Ka ga mutumin da yake duban ƙasa ya gaya maka raƙumi nawa ne suka wuce, da kaya ko babu, jiya ko shekaranjiya. Ka ga mai sanin kowace rijiya da zurfinta da ɗanɗanon ruwanta, mai raba ruwan jarka guda ya ishi girki da shayi da alwala. Duk wanda ya kwana zango guda da su, in ya dawo gida gaisuwarsa ga mai gadin layinsu sai ta canza. Ko don wannan kaɗai tafiyar ta biya kuɗinta.

Dare kuma fa? Sallar magariba da isha a kan rairayi, sahu ɗaya, dutse a gabanka dutse a bayanka, karatun liman yana bugun dutse yana dawowa. Wuta ta lafa, sai sama ta buɗe. Mu da muka saba da ƙurar hunturu da hayaƙin janareta mun manta yawan taurarin da Allah ya halitta. A Bagazam sun cika sama fal, har ƙasa-ƙasa ta gefen duwatsu. Kaza da 'ya'yanta ga su nan ƙirga-ƙirga, ba sai ka ƙanƙance ido ba. Dattijon ya nuna mana waɗanda madugu yake bi in ayari ya shiga Tenere, inda babu dutse babu itace, tafiyar sama da kilomita 500 daga Agadas zuwa Bilma. Ga shiru. Ba ƙarar babur, ba lasifika, ba waya, sai dai jaki ya yi atishawa ko dila ta yi kuka daga nesa. Akwai tanti a cikin kayanmu, amma da wuya ka ga wanda ya yarda ya shiga. Wa zai sa ƙyalle tsakaninsa da wannan sama?

Sanyi kam akwai shi, kada wani ya ruɗe ka da cewa hamada zafi ce kawai. A watan Disamba da Janairu, a saman Bagazam, ruwan da ya kwana a buta yakan wayi gari da ƙanƙara a kansa. Jaura tana shiga ƙashi. Amma ka naɗe cikin bargo biyu, ka ja rawani ka rufe kunne da hanci, sai ka gane rawanin nan ba ado kaɗai ba ne. Da asuba Gamzaki ya fito, wani ya tona garwashin jiya ya hura, a ɗumama ruwan alwala, sannan rana ta fara taɓa kan duwatsu ɗaya bayan ɗaya, baƙi ya koma ja, ja ya koma ruwan zinariya. Wallahi ko sarki bai karya kumallo a zauren da ya fi wannan ba.

Timiya kuwa wata duniya ce. Tana kimanin kilomita 220 arewa maso gabas da Agadas. Kana tafe cikin baƙaƙen duwatsun da wuta ta ƙone tun fil azal, babu ko ciyawa, zuciya har ta fara karaya, kwatsam sai kwari ya buɗe, kore shar, dabino ya yi sahu a gefen farin rairayi. Lemun zaƙi, rumman, inabi, ɓaure, alkama, masara, duk a tsakiyar hamada. Na ɓare lemun Timiya a gindin bishiyarsa, ruwan ya bi mini hannu har gwiwar hannu, zaƙinsa kuwa sai wanda ya sha. Sirrin yana ƙarƙashin ƙoramar: ruwan damina da ya gangaro daga duwatsu yana nutsewa cikin rairayi ya kwanta, masu lambu su haƙa rijiya su same shi. Tsohuwar dabararsu abin kallo ce. Raƙumi ko sa ne yake jan igiya, gugan fata ya taso ta kan ƙarfen juyi ko na itace, ya juye da kansa cikin kwararo, ruwa ya bi fangali-fangali, yaro yana gaba yana jan akala. Yau injin ban ruwa ya karɓi aikin a lambuna da yawa, amma har yanzu akan ga mai yi da dabba.

A kusa da garin akwai inda ruwa yake zubowa daga kan dutse zuwa wani tafki a tsakiyar duwatsu. Bayan damina yana zuba da ƙarfi, da rani ya koma siriri, amma tafkin yana nan, sanyinsa har cikin haƙori. Bayan doguwar tafiya cikin ƙura, ka tsoma ƙafarka a ciki, ba ka son a ce tashi. A kan tudun da ya leƙo garin kuma akwai ganuwar soja da Faransawa suka gina a farkon shekarun 1950, wadda ake kira da sunan Massu. Ka hau can da yamma ka ga kwarin gaba ɗaya a tafin hannunka, mata suna koro awaki gida, hayaƙin girki yana tashi. Mutanen Timiya su ne ƙashin bayan fataucin nan mai kusurwa uku: da kaka su tafi Bilma da gero su ɗauko gishiri da dabino, su dawo, su gangara ƙasar Hausa su sayar su sayi gero da tufafi, mata kuma su riƙe gida da awaki, suna yin cuku. Wani masani ɗan Jamus, Gerd Spittler, ya zauna da su shekaru yana rubuta yadda suke wannan rayuwa da yadda suka tsallake fari.

Arewa da Timiya akwai kufan Asode, tsohon babban garin Azbin. Katangun dutse ne birjik, ga ragowar babban masallaci, ga fasassun tukwane a ƙasa, babu kowa. Ciniki ya kauce masa ya koma Agadas, yaƙin da Kawsan ya yi da Faransawa daga 1916 zuwa 1917 kuma ya ƙarasa shi. Ɗan birni mai ganuwa in ya tsaya a nan dole jikinsa ya yi sanyi, ya tuna badalarmu da ake ta yanka ana gini a kai.

Sai zanen kan dutse, wanda yake warwatse a kwaruruka da yawa: shanu, jiminu, giwaye, mutane riƙe da mashi. Sarkinsu duka yana Dabus, gefen hanyar Agadas zuwa Arlit. Raƙuman dawa biyu ne aka sassaƙa a jikin falalen dutse, babban ya kai mita 5.4, an fitar da kowane roɗi na fatarsa, da ido da kunne da kofato, ba da ƙarfe ba, da dutse. Masana sun kiyasta shekarunsa tsakanin 6,000 da 8,000, lokacin da wurin nan yake da ciyawa da tafkuna. Wani Bafaranshe mai binciken tarihi, Christian Dupuy, shi ya fara rubuta labarinsa a 1987, kuma a kewayen akwai wasu zane-zanen sama da 800. Na tsaya a gabansa na rasa abin faɗa. Hannun da ya yi wannan gwani ne na gaske, ko a wane zamani aka haife shi.

Namun dawa sun ragu, ba a ɓoye wannan. Jiminar da ke jikin dutse ta ƙare a dajin Azbin. Amma akwai barewa, akwai ragon dutse mai dogon gemu a can ƙololuwa, akwai birai a wasu kwaruruka, akwai dila da zomo. Gabashin duwatsun da yammacin Tenere gandu ne da aka keɓe, hekta miliyan 7.7, UNESCO ta karɓe shi a 1991, shekara guda bayan haka ta sa shi cikin waɗanda suke cikin haɗari. A cikin kwari za ka ga itatuwan da ka sani tun a gida, aduwa da magarya da goriba da tumfafiya, a can sama kuma akwai zaitun na daji, ragowar zamanin da ƙasar take da ruwa.

Akwai lokacin da jirage suke tasowa daga Faransa kai tsaye su sauka a Agadas cike da masu zuwa wannan tafiya. Mano Dayak, wanda filin jirgin garin yake ɗauke da sunansa, da harkar kai baƙi hamada ya yi suna kafin ya shiga tawaye, ya rasu a haɗarin jirgi a duwatsun nan a Disamba 1995. Tawayen shekarun 1990 da na 2007 zuwa 2009, da matsalar tsaron da ta biyo baya, sun durƙusar da sana'ar. Jagorori da direbobi da masu girki da maƙeran azurfa suka rasa abin yi, wasu suka tafi haƙar zinariya da ta ɓarke a 2014. Don haka ba wurin da za ka saɓi jaka ka faɗa kai kaɗai ba ne. Ka tambayi halin da hanya take ciki kafin ka tashi, ka riƙe takardunka cikakku, ka bi ƙa'idar hukuma a Agadas, ka ɗauki jagora ɗan ƙasa wanda aka sani, in ya ce yau ba a bin kwari kaza, ka ce to. In lokaci bai yi kyau ba, ka haƙura ka jira, duwatsun ba gudu za su yi ba. Amma abin da nake so mu gane shi ne, Turawa sun ƙetaro teku don wannan abu, mu kuwa maƙwabta ne, harshe ɗaya muke ciniki da shi, alƙibla ɗaya muke kallo. Kuɗin da Bakano zai kashe a can kai tsaye yake shiga hannun mai jaki da mai lambu da matar da ta yi cuku.

Lokacin tafiyar daga Nuwamba ne zuwa Fabrairu. Takalmi mai ƙarfi wanda ƙafa ta riga ta saba da shi, bargo mai kauri, rawani, tocila, man shafawa saboda kaushi, magungunanka. Kakkaɓe takalmi kowace safiya saboda kunama. Kada ka ɗauki hoton mace sai da izini, kada ka yi wanka da sabulu a tafkin da ake sha, ledarka kuma ka dawo da ita. Ka tafi da tsarabar goro da ganyen shayi da sukari, za ka ga fara'a. Kafin tafiya ka ba ƙafarka horo: hawa da sauka a Dala da Goron Dutse da sassafe, da jaka a baya, har numfashi ya daidaita. Wanda ya samu dama ya haɗa da bikin Azbin da ake yi a Iferwan tun 2001, ya ga tseren raƙuma da kiɗan tende, ya more biyu.

In maki ake bayarwa, na ba ta ɗari bisa ɗari, kuma da akwai abin da ya fi haka da na ƙara. Ban ma gama da ita ba. Dutsen Tamgak yana can kusa da Iferwan da dogon kwazazzabonsa, ga Arakaw inda tudun rairayin Tenere ya kutsa har cikin da'irar duwatsu. Su na sa a gaba, in Allah ya kai rai da lafiya hanya kuma ta yi kyau. Takalmina ma yana wurin baduku ana sake masa ƙasa.